Ƙaura Zuwa Gajimare: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A wannan mako za mu taɓo wata magana wadda da jinta mutum zai ce ta injiniyoyi ce kaɗai, alhali kuwa ta shafi duk wanda ke da ajiya a banki, ko layin waya, ko kuɗin fansho da yake sauraro. Maganar kuwa ita ce ƙaurar da manyan kamfanoni ke yi da ayyukansu na kwamfuta zuwa abin da ake kira gajimare. Bankuna, da kamfanonin waya, da na inshora, da na jiragen sama, kowanne ka tambaya sai ya ce maka ko dai ya riga ya tafi, ko kuwa yana ɗaure kaya. Abin da muke so mu nuna shi ne, isa gajimare abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wurin sake ginin manhajar kamfani da sake tsarin aikin mutanensa yadda za su dace da sabon mazauni. Wanda ya ƙaura bai yi wannan ba, tsohon ciwonsa ya ɗauka ya kai gidan haya, ga ciwo ga kuma kuɗin haya.

MENE NE GAJIMAREN?

Da farko dai kada sunan ya ruɗi kowa, babu wani abu da ke rataye a sararin sama. Gajimare gidaje ne manya-manya a doron ƙasa, cike da dubban kwamfutoci, da injunan sanyaya su, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da masu gadi dare da rana. Mai gidan yana ba da hayar ƙarfin kwamfutocin nan ta hanyar intanet, ana biyansa gwargwadon abin da aka sha, kamar yadda mita ke ƙirga wuta. Sunan ya samo asali ne daga wata al'ada ta injiniyoyi, ta zana hoton gajimare a takarda in suna so su nuna sashen hanyar sadarwa wanda ba su da bukatar bayyana abin da ke cikinsa.

Kamfanin Amazon na Amurka shi ya buɗe wannan kasuwa sosai a shekarar 2006, da reshensa mai suna AWS. A watan Maris na shekarar ya fara ba da hayar ma'ajiyar bayanai, a watan Agusta kuma ya fara ba da hayar kwamfutocin kansu. Daga baya Google da Microsoft suka bi sahu, su ukun nan kuwa sun riƙe fiye da rabin kasuwar duniya. Kafin haka, tilas ne babban kamfani ya gina gidan kwamfutocinsa, ya yi kirdadon yawan aikin da zai zo masa nan da shekara uku ko biyar, ya sayi injuna daidai da ranar da ta fi kowace rana cunkoso, misali ƙarshen wata lokacin biyan albashi. Sauran kwanakin kuwa injunan suna zaune suna shan wuta a banza. In kuma kirdadon ya gaza, sai a yi odar sababbi, a jira makonni ko watanni kafin su iso.

BAƘO DA ƊAN GIDA

Hanya biyu babban kamfani ke bi ya shiga gajimare. Ta farko ita ce ya ɗauki manhajarsa yadda take, ya sauke ta daga kwamfutocinsa ya dire ta a kan na haya. Wannan hanya tana da sauri, shugabannin kamfani kuwa suna son ta, domin cikin 'yan watanni za su iya shaida wa masu hannun jari cewa an ƙaura. Amma fa manhajar da aka kai ta wannan hanya baƙuwa ce a wurin. Yawancin tsofaffin manhajojin manyan kamfanoni dunƙule suke wuri guda. In banki ne, sashen da ke buɗe asusu, da mai tura kuɗi, da mai lissafin bashi, da mai aika saƙo ta waya, duk a ɗaure suke da juna, suna ɗiba daga rumbun bayanai ɗaya. In sashe ɗaya ya yi tuntuɓe, duka sai su faɗi. In sashe ɗaya ya cika da jama'a, dole a ƙara wa dukan ginin ƙarfi, a biya kuɗin duka. In za a gyara abu ƙanƙane, sai an gwada komai tun daga farko. Shi ya sa akan tara gyare-gyare na wata uku ko shida, a sake su gaba ɗaya cikin dare, kowa zuciyarsa na dukan uku-uku.

Hanya ta biyu ita ce a sake gina manhajar ta zama haifaffiyar gajimare, watau 'yar gida. Abubuwa huɗu ne ke nuna wannan irin gini.

Na ɗaya, a farfasa dunƙulalliyar manhaja ta zama ƙananan hidimomi, kowace da aikinta guda da rumbunta, suna magana da juna ta ƙofofin da aka ƙayyade. Kamar dai a ce maimakon a labta dukan kaya a babbar mota ɗaya, a raba su ga ayarin raƙuma. In raƙumi ɗaya ya gurfana, ayari bai tsaya ba.

Na biyu, a sa kowace hidima cikin kwantena. An aro sunan ne daga kwantenar jirgin ruwa wadda muke gani a Apapa da kan tireloli. A watan Afrilu na 1956 wani Ba'amurke mai motocin ɗaukar kaya, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a jirgi daga Newark zuwa Houston. Bayan da aka daidaita girman akwatunan, sai ya zama jirgi da tirela da jirgin ƙasa duk suna ɗaukar kwantena ba tare da sun damu da abin da ke ciki ba. Haka nan kwantenar manhaja: ana ƙunshe hidima tare da duk abin da take bukata, ta yi aiki iri ɗaya a kan kowace kwamfuta. Kamfanin Docker ne ya yaɗa wannan dabara a 2013.

Na uku, ayari ba ya tafiya babu madugu. In kwantenoni suka kai dubbai, babu ɗan Adam da zai iya bin sawunsu da hannu. A 2014 Google ya fito da wata manhaja mai suna Kubernetes, kalmar Girkanci mai nufin matuƙin jirgin ruwa, a 2015 kuma ya danƙa ta ga wata gidauniya domin kowa ya yi amfani da ita kyauta. Aikinta shi ne ta raba wa kwantenoni wurin zama, ta tayar da sabuwa nan take in wata ta mutu, ta ƙara yawansu in jama'a sun yi yawa, ta rage in sun watse.

Na huɗu, a daina tara gyara. Kowane ƙaramin canji, injuna ne za su gwada shi, sa'an nan a sake shi ga mutane ƙalilan, in ya yi kyau a ba kowa, in ya ɓaci a janye shi cikin mintoci. Ƙaramin gyara in ya ɓaci, ɓarnarsa ƙarama ce, kuma ba a shan wuyar gano inda ya ɓaci.

Tushen abubuwan nan huɗu kuwa guda ne: a ɗauka tun farko cewa kowace kwamfuta za ta mutu wata rana, a yi gini bisa ga wannan sani. Kamfanin Netflix, mai nuna finafinai ta intanet, yana cikin waɗanda suka fara koya wa duniya wannan. A watan Agusta na 2008 rumbun bayanansa ya lalace, har kwana uku bai iya aika wa masu hulɗa da shi faifan fim ba. Sai ya yanke shawarar ƙaura zuwa AWS, ya kuma ƙi bin hanyar ɗauka a dire, ya sake gina kusan komai. Bai gama ba sai a watan Janairu na 2016, watau bayan shekara bakwai. Har wata manhaja injiniyoyinsa suka ƙirƙira, suka sa mata suna Chaos Monkey, watau biri mai ɓarna, wadda aikinta shi ne ta riƙa kashe kwamfutocin kamfanin da gangan, da rana tsaka lokacin da ma'aikata ke ofis, domin a ga ko ginin zai jure. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

LABARIN WANI BANKI

Mai karatu zai iya cewa, to ai wannan gidan fim ne, in ya tsaya na awa biyu babu wanda ya rasa abincin dare. Gaskiya ne. Saboda haka bari mu duba banki, inda kuɗin jama'a suke, inda kuma hukuma ke sa ido.

Capital One banki ne da ke jihar Bajiniya, yana cikin manyan masu ba da katin bashi a Amurka. Wajen shekarar 2012 shugabanninsa suka fara sake tsarin fasaharsa tun daga tushe. Abin lura shi ne ba da sayen gajimare suka fara ba, da mutane suka fara. Maimakon dogara ga 'yan kwangila, suka shiga ɗaukar injiniyoyi na kansu, suka raba su ƙananan ƙungiyoyi, suka sake fasalin manhajojinsu yadda za su riƙa magana da juna ta ƙofofi sanannu. A 2015 shugaban sashen fasaha na bankin, Rob Alexander, ya bayyana a taron AWS cewa bankin zai rage gidajen kwamfutocinsa, waɗanda a 2014 guda takwas ne. A 2020 aka rufe na ƙarshe, bankin ya zama na farko cikin manyan bankunan Amurka da ya ba da sanarwar komawa gajimare ɗungurungum. Bisa ga bayanin da aka bayar a lokacin, cikin manhajoji kusan 2,000 da bankin ke gudanarwa a can, kashi 80 cikin ɗari sababbi ne da aka gina daga tushe, ma'aikatan fasaharsa kuma sun kai 11,000. Shirya wa injiniya wurin da zai fara sabon aiki, wanda a da kan ɗauki wata uku, ya koma 'yan mintoci.

Shekara takwas ke nan, ga kuɗi, ga ƙwararru, ga goyon bayan shugabanni. Duk da haka tafiyar ba ta ƙare lami lafiya ba. A watan Maris na 2019 wata tsohuwar ma'aikaciyar AWS ta gano cewa akwai wata katangar tsaro ta bankin da ba a saita ta daidai ba. Ta nan ta bi ta samu makullan wucin gadi, makullan kuwa suna da izinin buɗe ma'ajiyoyi fiye da yadda aikinsu ke bukata. Ta kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada, galibinsu waɗanda suka nemi katin bashi. Bankin bai sani ba sai a watan Yuli, bayan da wani daga waje ya tsegunta masa. A watan Agusta na 2020 hukumar da ke sa ido kan bankunan tarayya a Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 80, dalilinta kuwa shi ne bankin bai kafa ingantacciyar hanyar auna haɗari ba kafin ya kai manyan ayyukansa gajimare. Daga baya ya yarda ya biya dala miliyan 190 domin sasanta ƙarar da waɗanda abin ya shafa suka shigar.

Darasin da ke nan shi ne, mai gidan haya aikinsa ya tsare katangar gida da babbar ƙofa, amma kulle ɗaki na ɗan haya ne, haka kuma yarjejeniyar masu gajimare ta tanada. A tsohon zamani, kamfani na da gida ɗaya mai ƙofa ɗaya ko biyu. A gajimare kuwa ƙofofi dubbai ne, kowace hidima da makullinta, kuma injiniya ɗaya na iya buɗe ƙofa ga duniya baki ɗaya da kuskuren layi guda. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka tilas dokokin tsaro su ma a mai da su manhaja mai sintiri ba dare ba rana, kuma kowane makulli a ba shi izinin ƙofar da yake bukata kaɗai.

GAGGAWA DA SANNU

In Capital One ya nuna cewa mai tafiya sannu ma yana iya tuntuɓe, akwai wani banki a Ingila da ya nuna abin da ke samun mai tsalle ɗaya. Bankin TSB, bayan da bankin Sabadell na Sifen ya saye shi, ya shirya kwashe asusun mutum fiye da miliyan 5 daga tsohuwar manhajar da yake haya a wurin bankin Lloyds zuwa wata sabuwa. Wannan ƙaura ba ta gajimare ba ce kai tsaye, amma darasinta ya hau kan kowace irin ƙaura. A ƙarshen wani mako cikin watan Afrilu na 2018 aka kwashe mafi yawan asusun gaba ɗaya. Bayanan sun isa lafiya, sai dai sabon ginin ya kasa ɗaukar nauyi. Mutum wajen miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka riƙa ganin asusun da ba nasu ba, 'yan damfara kuma suka samu kasuwa. Al'amura ba su koma daidai ba sai a watan Disamba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba, asarar ta kai wajen fam miliyan 330, sa'an nan a watan Disamba na 2022 hukumomi suka ƙara da tarar fam miliyan 48 da dubu 650.

Akwai wata hanya da masana suka fi yarda da ita. Wani masanin manhaja mai suna Martin Fowler ya yi bayaninta a 2004, bayan da ya ga wani irin itace dangin ɓaure da ceɗiya a dajin Ostareliya. Itacen yakan tsiro a kan reshen wata bishiya, ya sako saiwoyinsa sannu a hankali har ƙasa, ya kewaye ta, har ranar da tsohuwar za ta mutu shi kuwa ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Haka ake yi wa tsohuwar manhaja. A ɗauki aiki ɗaya, misali duba abin da ya rage a asusu, a gina shi sabo a gajimare, a karkata mutane kaɗan zuwa gare shi, tsohon yana nan yana aiki. In ya tsaya da kyau a ɗauki na biyu. Hanyar tana cin lokaci, tana kuma da tsada, domin shekara da shekaru ana ciyar da gida biyu. Amma a kowane mataki akwai hanyar komawa baya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

INDA GIZO KE SAƘA

Yanzu mun zo kan abin da ya fi kayar da manyan kamfanoni, wanda kuma babu ɗan kwangilar da ke sayar da maganinsa. A 1968 wani masani mai suna Melvin Conway ya lura cewa duk ƙungiyar da ta gina wani tsari, tsarin zai fito da kamannin yadda mutanen ƙungiyar ke magana da juna. Watau in kamfani yana da sashen masu rubuta manhaja daban, da na masu gwaji daban, da na masu kula da injuna daban, da na tsaro daban, kowane ƙaramin gyara kuma sai takarda ta bi tebur biyar ta jira zaman kwamiti, to ko an farfasa manhajarsa gida ɗari, tafiyarta ba za ta wuce saurin takardar nan ba. Abin da ya fi muni ma, za a wayi gari da ƙananan hidimomi ɗari waɗanda har yanzu a ɗaure suke da juna, ba a iya taɓa ɗaya sai an taɓa duka. An ƙara wahala ke nan, ba a samu amfanin ba.

A Amazon ƙa'idar ita ce ƙungiya ta kasance ƙarama, kuma wadda ta gina hidima ita ke gudanar da ita, ita za a tasa cikin dare in ta lalace. Manomi ya san bambancin gonar gandu da gayauna. A gandu, sai abin da maigida ya ce. A gayauna kuwa, mai ita ke yanke shawara, shi ke cin riba, shi ke ɗaukar asara, saboda haka ba a tuna masa lokacin noma. To, babban kamfani gandu ne. Mai da shi gayauni yana nufin wasu manya za su saki ikon sa hannu da suka riƙe shekara ashirin, su koma masu kafa doka da duba ko an bi ta. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai shugaban kamfani da kansa ya tsaya a kai.

Har wa yau akwai tsofaffin ma'aikata, waɗanda su kaɗai suka san dalilin da ya sa tsohuwar manhaja ke yin wasu abubuwa da babu wanda ya rubuta su a takarda. Kamfanin da ya sallame su ya kawo samari masu sabon ilmi, zai gano ranar ƙaura cewa da tsohuwar zuma ake magani. Kamata ya yi a horar da su, a haɗa su da sababbin a ƙungiya ɗaya.

MAGANAR KUƊI

Sau da yawa akan tallata gajimare da sunan araha. Wannan magana tana da sharaɗi. Arahar tana zuwa ne in manhaja ta iya ƙaruwa da raguwa da kanta, ta saki injunan da ba ta bukata. Baƙuwar manhaja kuwa ba ta iya wannan ba, tana riƙe da injuna dare da rana, mita na ta gudu. Ko 'yar gidan ma, in babu mai lura, injiniya zai kunna injuna ɗari domin gwaji ya manta da su. Akwai kuma kuɗin fitar da bayanai daga gajimare, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi sai takardar biya ta zo.

Shi ya sa wasu suka juyo. Kamfanin Dropbox ya kwashe mafi yawan bayanan da yake ajiye wa jama'a daga AWS zuwa gidajen kwamfutocinsa a tsakanin 2015 da 2016, ya kuma bayyana a 2018 cewa hakan ya rage masa kusan dala miliyan 75 cikin shekara biyu. Wani ƙaramin kamfani mai suna 37signals, bayan da ya kashe dala miliyan 3.2 a gajimare a 2022, ya sayi injunansa ya fita da manhajojinsa a 2023. Abin da ya haɗa su shi ne aikinsu sananne ne, ba ya hawa da sauka sosai. Wanda ya san buhu nawa zai ajiye kowace shekara, gina rumbu ya fi masa haya.

Kada kuma a ɗauka gajimare ba ya faɗuwa. A ranar 20 ga Oktoba, 2025, wata matsala a cibiyar AWS ta arewacin Bajiniya ta tsayar da ayyukan kamfanoni da yawa a duniya na sa'o'i masu yawa, har da wasu bankunan Ingila. Waɗanda suka raba ayyukansu ga yankuna biyu ko fiye, su ne suka fi samun sauƙi.

MU A NAN GIDA

Wannan magana ta riga ta iso ƙofarmu. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, jama'a suka koma ga tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin, kuɗi suka riƙa maƙalewa a hanya, 'yan kasuwa da yawa suka koma ga sababbin kamfanonin kuɗi na waya. A ƙarshen 2024 kuma wasu manyan bankunan ƙasar nan suka sauya uwar manhajarsu, masu ajiya suka sha jira na kwanaki. Saboda haka babu mai cewa a zauna a kan tsohon gini. Amma akwai abubuwa uku da kamfanin Nijeriya zai auna waɗanda na Amurka bai damu da su ba.

Na farko, nisa. Manyan cibiyoyin da Microsoft ya buɗe a 2019, da AWS a 2020, da Google a 2024, duk a Afirka ta Kudu suke, ko da yake AWS ya buɗe ƙaramin reshe a Legas a 2023. Tsakaninmu da su, da kuma na Turai, wayoyi ne a ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikin wayoyin nan suka tsinke a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, ayyukan wasu bankuna suka tsaya. Kamfanin da ya kai komai ƙetare bai bar komai a gida ba, ranar ya gane cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu, dala. Da dala ake yanke farashin gajimare, kamfanin gida kuwa naira yake samu. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Kuɗin hayar ya ninka uku ke nan, ba tare da an ƙara ko inji ɗaya ba.

Na uku, doka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa waje, ta kuma kafa hukuma mai ikon cin tara. A nan ne amfanin kwantena ke fitowa, domin manhajar da aka gina ta wannan hanya tana iya zama a gidan kwamfutoci na Legas ko Abuja, ta kuma iya zama a ƙetare, a ajiye kowane aiki inda ya fi dacewa da shi.

Saboda haka muna kira ga 'yan majalisar daraktoci, da masu hannun jari, da hukumomin da ke sa ido, in aka kawo musu takardar ƙaura zuwa gajimare, kada su tsaya ga tambayar ranar da za a gama. Su tambaya: wane aiki za a fara da shi, kuma in ya ɓaci yaya za a koma baya? Manhajar za a sake ginawa, ko ɗauka za a yi a dire? Wa ke riƙe da makullai, wa kuma ke duba su? In wayar teku ta tsinke, me zai ci gaba da aiki? In dala ta sake tashi, nawa za a biya? Injiniyoyi nawa ne na kamfanin kansa za su san ginin ciki da waje bayan ɗan kwangila ya naɗe tabarmarsa? Sa'an nan wane iko ne manya suka yarda su saki?

Shugaban da ya iya amsa waɗannan dalla-dalla, a ba shi lokaci, ko da shekara bakwai ko takwas ne, tun da waɗanda suka fi shi kuɗi ma haka suka ɗauka. Wanda kuwa ya ce cikin wata shida zai gama komai, kuma a ƙarshen mako guda zai kwashe jama'a gaba ɗaya, a tuna masa da TSB, a ce ya koma ya sake shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuɗin da ke cikin goran kuwa ba nasa ba ne.